Wa Ya Yi Kisan? Matakan Shirya Zaman Kallon Fim ɗin Bincike a Hutun Sallah

Ranar idi ba ta da sarari. Daga filin idi sai gaisuwar iyaye, daga nan sai rabon tuwo gida-gida, idan Babbar Sallah ce kuma ga yanka ga fiɗa. Sai kwana na biyu da na uku hannu ke sakewa. A lokacin 'yan garinmu Nahuce da ke aiki ko karatu a Gusau da Zariya da Kaduna da Abuja duk suna gida, an gama zagayen dangi, sai ka tarar da samari goma a inuwa ɗaya, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, babu mai ce wa wani uffan. Wannan sararin ne ya dace da zaman da zan bayyana: a taru, a yi wa juna barka da Sallah yadda ta kamata, a kalli tsohon fim ɗin bincike guda ɗaya, a tsayar da shi kafin asiri ya tonu, kowa ya faɗi wanda yake zargi da hujjarsa.

Irin wannan fim gasa ce tsakanin wanda ya shirya shi da mai kallo. An shimfiɗa maka duk alamomin da mai binciken ya gani, sannan an yi dabarar kawar da idonka daga kansu. Wanda ya kalle shi shi kaɗai a waya, yana tsallake wurare, ya zubar da rabin daɗin. Tun da aka rufe gidajen silima a Gusau bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999, kallo ya koma ƙuryar ɗaki da tafin hannu. Babu abin da ya hana a fito da shi tsakar gida cikin mutunci.

Mataki na farko: tsayar da rana da lokaci

Kowa ya san halin rashin tsaro da yankinmu yake ciki, saboda haka a manta da zaman dare. Idan akwai abokan da za su zo daga Bungudu, Kwatarkwashi, Gusau ko Tsafe, a sa zaman da hantsi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar, domin kowa ya kama hanyar gida rana na sama. Idan 'yan gari ne zalla, tsakanin la'asar da magariba ya fi daɗi, kuma akwai kamar awa biyu da rabi a ciki. Wannan lissafin shi zai yanke maka tsawon fim ɗin da za ka zaɓa, don kiran salla ba ya jiran mai bincike ya gama bayani.

A Ƙaramar Sallah ka tuna wasu kan ɗauki Sitta Shawwal tun daga kwana na biyu. Ka tambaya kafin ka jera musu zoɓo da cincin a gaba. A Babbar Sallah kuwa kwana na biyu na suyar nama ne, mata ba su da lokacin kansu, samari ma ana aikensu rabo. Kwana na uku ya fi.

Ka nemi izinin mai gidan da za a zauna, ka kuma shaida wa mai unguwa. A zamanin nan taron samari da ba a san dalilinsa ba yakan jawo magana. Mutum takwas zuwa goma sha biyar sun isa. In sun wuce haka, hira ta zama hayaniya. Mata su ma su shirya nasu a cikin gida, kuma kada a yi mamaki in sun riga maza gano mai laifi, don sun fi lura da wanda fuskarsa ta sauya da aka ambaci wani suna.

Mataki na biyu: zaɓen fim

A nan zaman ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe.

Ga waɗanda ba su saba ba, a fara da Sherlock Holmes, mai binciken da likitan nan Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro a 1887. Basil Rathbone ya fito a matsayinsa a finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, Nigel Bruce kuma yana abokinsa Dakta Watson. Wasu daga cikinsu haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samunsu kyauta a YouTube, kamar The Woman in Green na 1945, da Terror by Night da Dressed to Kill na 1946. A cikinsu Terror by Night ne zaɓina na zaman farko. Awa ɗaya ne, kusan komai a cikin jirgin ƙasa ya faru tsakanin Landan da Edinbara, an sace wani ƙaton lu'ulu'u an kashe mutum, kuma ɓarawon ba shi da inda za shi. Waɗanda ake zargi 'yan kaɗan ne, za a iya riƙe su a ka.

Idan jama'arka sun iya haƙurin awa biyu, to a hau kan Agatha Christie. Murder on the Orient Express na 1974, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni, Albert Finney ya fito a Hercule Poirot, minti 128 ne. Jirgin ƙasa ya taso daga Istambul, dusar ƙanƙara ta tare shi a hanya, da safe aka tarar da wani attajiri a mace da sukan wuƙa goma sha biyu. Death on the Nile na 1978, inda Peter Ustinov ya karɓi Poirot, ya fi shi tsawo kaɗan, amma an ɗauke shi a Masar, ga kogin Nilu ga dalar Fir'auna, ido ba ya gajiya. And Then There Were None na 1945 kuwa babu jami'in bincike a cikinsa sam: mutum goma a wani tsibiri, ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mai kisan yana cikinsu yana cin abinci tare da su.

Sai Charlie Chan, ɗan sandan ciki ɗan asalin Sin da ke aiki a Honolulu, wanda Earl Derr Biggers ya fara rubutawa a 1925. Warner Oland ya yi finafinai 16 a matsayinsa, bayan mutuwarsa a 1938 Sidney Toler ya yi 22, Roland Winters ya rufe da 6. Gajeru ne, yawanci awa ɗaya da 'yan mintoci. Ina ganin Bahaushe zai so Chan fiye da Holmes, saboda ba ya buɗe baki sai da karin magana, ga ladabi, ga tarin 'ya'ya, ga babban ɗansa da ke cusa kai cikin bincike yana ɓata wa uban aiki. Charlie Chan in Egypt na 1935 da Charlie Chan at the Opera na 1936 sun isa gwaji.

Mu kuwa da muka tashi da finafinan Indiya muna da namu rumbun, kuma dattawan da suka yi zamanin silima za su ji daɗin a tuna da su. Akwai C.I.D. na 1956 na Dev Anand. Bees Saal Baad na 1962, wanda aka gina a kan labarin Holmes na karen gidan Baskerville. Woh Kaun Thi? na 1964, Gumnaam na 1965, wanda shi ne labarin tsibirin nan na Christie da aka sa wa rigar Indiya, da Manoj Kumar da Nanda da Pran da Mehmood, sai Teesri Manzil na 1966 da Jewel Thief na 1967, dukansu na darakta Vijay Anand. Matsalarsu tsawo. Jewel Thief ya kai awa uku, ba zai shiga tsakanin la'asar da magariba ba sai an yanke waƙoƙi. Ittefaq na 1969, na Rajesh Khanna, shi ne ya saɓa: gajere ne, babu waƙa ko ɗaya, kuma a dare guda labarin ya faru.

In akwai yara a zaman, ga wanda babu jini a ciki: The Blue Carbuncle, daga jerin Holmes na talabijin da Jeremy Brett ya fara a 1984. An tsinci dutse mai daraja a cikin ƙatuwar agwagwar da aka saya don bikin Kirsimeti, Holmes ya bi diddigin agwagwar tun daga tebur har gidan da aka kiwata ta. Bai kai awa ɗaya ba, kuma labarin ranar biki ne, ya dace da mutanen da suka ƙoshi da naman Sallah.

Guda ɗaya za ka zaɓa. Mai jera finafinai uku a zama ɗaya bai bar wa hira wuri ba.

Mataki na uku: ka riga kowa kallo, ka haɗa kaya

Wannan sadaukarwa ce, don kai ba za ka shiga gasar ba. Ka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe kwana biyu kafin zaman, da biro a hannu. Ka rubuta sunayen waɗanda ake zargi da matsayin kowa. Ka rubuta mintin da mai binciken ya tara jama'a zai fara bayani, nan za ka tsayar. Ka kuma lura da wuraren da ba su dace a kalla gaban manya ko ƙanne ba. Tsofaffin finafinan Turawa na shekarun 1930 da 1940 ba su cika samun wannan matsala ba, amma na Indiya akwai raye-raye, musamman inda 'yar rawar nan Helen ta fito, sai ka san mintin da za ka tsallake ba tare da ka yar da wata alama ba.

Kada ka dogara da intanet a ranar. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021 ya san amfanin abin da ke cikin memori. Ka sauke fim ɗin tun da wuri, ko ka sa wani ya turo maka a shagon masu turi a Gusau. Masu fassara irin su Algaita sun fi mayar da hankali kan sababbin finafinai, don haka ka sa a ranka tsofaffin nan da Turanci ko Indiyanci za ka same su. Ka gwada filas ɗin a talabijin ɗin da za a yi amfani da shi, ka cika batirin sola, ko ka tanadi man janareta ka kuma ajiye shi nesa. Sauti ya fi hoto muhimmanci a nan, domin hujja a bakin mutane take. Ka aro sifika mai kyau. Ka yanka ƙananan takardu daidai yawan baƙi.

Mataki na huɗu: gaisuwa kafin komai

Kada a kunna komai sai an gama gaisawa, kuma kada a yi ta a tsaitsaye. Wasu a cikin zaman ba su ga juna ba tun Sallar bara. A ware rabin awa cur.

A fara da mai gida. Samari su shiga su durƙusa: "Baba, barka da Salla. An yi idi lahiya?" Shi kuma ya amsa, "Lahiya lau. Allah shi yi maku albarka, Allah shi maimaita muna." A leƙa a gai da Inna daga bakin ƙofa, a miƙa ɗan abin da aka riƙo, ko goro ne ko sabulu. Gidan da aka ara wa tsakar gida ba a shigarsa hannu rabbana. Sannan sa'o'i su koma kan junansu, inda ake "Mutumina, barkanmu da shan ruwa, ina gorona?" da tsiyar wanda ya yi ƙiba a Abuja da wanda har yanzu bai yi aure ba.

Akwai gaisuwar da ba a tsallakewa. Ka san tun kafin zaman wa aka yi wa rasuwa a cikin shekarar, wa aka kora daga ƙauyensu, wa ɗan'uwansa ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga. Na farko a yi masa "ya haƙuri" a yi wa mamaci addu'a, na biyu a jajanta, na uku a yi masa barka da arziki. Idan raunin sabo ne, ka sauya fim ɗin kisa da na sata, irin na agwagwar nan ko Jewel Thief. Ba a gayyato mutum don a fama masa ciwo ba.

Daga nan a kawo abin taɓawa, waina ce ko hoce ko soyayyen naman layya, a ci a wanke hannu. Da an fara kallo, ƙarar kwano ma tana iya sa a rasa jimlar da ta ɗaure mai laifi.

Mataki na biyar: kafa sharuɗɗa, naɗa mai fassara

Sharuɗɗan uku ne. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin ya faɗa tun yanzu, ya koma gefenka, ya kame bakinsa da fuskarsa. Waya a aljihu, don a cikin minti ɗaya ana iya binciko ƙarshen kowane fim. Na uku, babu caca. In za a ba wanda ya ci kyauta, mai masauki ne zai bayar daga aljihunsa, goro ko katin waya, ba a tara kuɗi a ce mai rabo ka ɗauka ba.

Mai fassara shi ne rabin zaman. A samu wanda ya ji Turanci ko Indiyanci sosai, ya zauna kusa da allo da rimot a hannu, yana tsayarwa bayan kowace muhimmiyar magana ya juya ta da Hausa. Aikinsa ya faɗi abin da aka ce, daidai yadda aka ce. Salon barkwancin da muka saba ji a fassarar finafinan faɗa ba ya aiki a nan. Idan matar ta ce ta ji ƙarar bindiga "wajen ƙarfe ɗaya", kada ya ce "cikin dare", domin watakila a kan wannan ƙarfe ɗayan duk shari'ar ta rataya. Kuma kada ya sauya murya in mai laifin ya shigo.

Mataki na shida: koya wa jama'a abin da za su nema

Kafin ka danna, ka ɗauki minti biyar ka yi wa sababbi bayani. Aikin mai kallo irin na masu bin sawu ne in an kore shanu: ba inda ƙura ta fi tashi ake bi ba, ƙasa ake duba, a ga kofaton da ya nutse da ciyawar da ta kwanta.

Tambaya uku ake yi wa kowane mutum a fim ɗin. Me zai samu in wannan ya mutu, gado ne ko ramuwa ko rufin asiri? Yana da abin da aka yi aikin da shi, ko ya iya amfani da shi? Ina yake a lokacin, kuma wa ya gan shi? Wanda ukun nan suka haɗu a kansa shi ne naka. Yawancin masu faɗuwa a kan ta farko suke tsayawa, su ga wanda ya fi tsanar mamacin su ce shi ne. Marubutan sun san da haka, shi ya sa suke ajiye mutum mai baƙar fuska da mugun baki a gaba, ya yi ta jan zargi. A finafinan Indiya da an ga Pran sai kowa ya nuna shi da yatsa tun bai yi magana ba, kuma masu shirya fim sun san jama'a za su yi hakan.

A lura da agogo: duk lokacin da aka nuna shi, da dalili. A lura da shaidar da mutum biyu suka ba juna, don in ɗaya ya faɗi ɗayan ma ya faɗi. A lura da ƙaramin abin da kyamara ta tsaya a kai daƙiƙa biyu ta wuce, da tambayar da mai binciken ya yi wadda ta yi kama da shirme. Mafi wuya, a lura da abin da ya kamata ya faru bai faru ba, kamar ƙofar da ba a fasa ba ko mai gadin da bai ji komai ba.

Sana'ar tana da ƙa'idoji. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya jera guda goma. Daga ciki: dole mai laifin ya kasance wanda aka nuna tun da wuri, ba a warware matsala da tsafi ko aljanu, mai bincike ba zai ɓoye wa mai karatu alamar da ya tsinta ba, ba a fito da tagwaye a ƙarshe sai an yi shimfiɗarsu. Ka faɗa wa jama'arka ta biyun da babbar murya, domin da an nuna mace da fararen kaya tana waƙa a daji, wani zai ce ai aljana ce, ya nannaɗe tabarmar tunaninsa.

Mataki na bakwai: tsayarwa da jefa takarda

Da an kai mintin da ka rubuta, ka tsayar, ko da za a yi maka ihu. A finafinan Poirot wurin a bayyane yake, lokacin da ya tara kowa a ɗaki ɗaya. A na Chan da na Holmes, kamar minti goma kafin ƙarshe. A And Then There Were None da Gumnaam a tsayar sau biyu, a tsakiya da kuma dab da ƙarshe, don a ga waɗanda wanda suka zarga ya riga ya zama gawa.

Ka karanto sunayen waɗanda ake zargi. Kowa ya rubuta suna ɗaya da hujja ɗaya, da boko ko da ajami, ya ninke ya jefa a hula. Wanda ba ya rubutu ya raɗa maka a kunne. Sai an tattara takardu sannan a buɗe baki, a fara daga ƙarami zuwa babba. In Yaya ko Malam ya riga magana, ƙanne za su bi bayansa don kunya, gasar ta mutu.

Ƙa'idar cin gasa ita ce suna da hujja tare. Wanda ya ce "wallahi tun da na ga idonsa na san shi ne" bai ci ba ko da ya dace. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni a ganina wannan ƙa'idar ita ce mafi amfanin abin da zaman ke koyarwa, a ƙasar da kalmar "infoma" kaɗai, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, in an jefa wa mutum ita a kasuwa, tana iya raba shi da ransa kafin wani ya tambayi wa ya gani, yaushe, a ina. Saboda haka ma ka hana a kawo sunan kowa na gari cikin hirar, ko da wasa. Da wani ya fara "ai wannan kamar wane na unguwar kaza", ka katse shi.

Mataki na takwas: a ƙarasa, a buɗe muhawara

A saki sauran fim ɗin, a buɗe takardu, a ba mai rabo goronsa. Sannan ka jefa tambayar da ke tayar da hira: an yi mana adalci? Wato duk abin da mai binciken ya kafa hujja da shi an nuna mana, ko daga aljihu ya zaro shi? In an yi gardama, a koma baya a sake duba wurin. Sau da yawa za a tarar an nuna, idonmu ne yake wani wuri. Wani lokacin kuma masu ƙorafi ne da gaskiya, musamman a finafinan Chan na baya-baya da aka yi da ƙaramin kuɗi, inda mai laifin kan faɗo kamar daga sama.

Akwai batutuwan da suka fi wannan nauyi. Ƙarshen Murder on the Orient Express, wanda ba zan faɗa ba, yana raba zama gida biyu a kan bambancin doka da adalci. In akwai ɗalibin shari'a ko malamin fiƙihu a wurin, ranar za ka ji karatu. Ƙarshen labarin agwagwa ma haka, a kan hukuncin da Holmes ya yanke shi kaɗai. Game da Charlie Chan kuwa, duk manyan 'yan wasan nan uku da suka fito a matsayinsa Turawa ne aka yi wa kwalliya, Oland ma ɗan Suwidin ne, alhali Chang Apana, ɗan sandan Honolulu na gaske da ake danganta labarin da shi, ɗan asalin Sin ne da ya yi suna wajen kama masu laifi da bulala a hannu. Wasu na ganin finafinan sun mutunta mutanen Sin a lokacin da ake nuna su a matsayin mugaye, wasu na ganin raini ne da aka lulluɓe da ladabi. Mu da muka san yadda ake nuna Bahaushe a wasu finafinan Kudu, kullum mai gadi da gurɓatacciyar magana, muna da abin cewa a wannan gardamar.

Wani zai tambaya me ya sa Kannywood, da ta faro tun Turmin Danya a 1990, ba ta cika yin irin wannan fim ba. Akwai na 'yan damfara da jami'an da ke farautarsu, irin Basaja na Adam A. Zango, amma a can an san mai laifi, tsere ake kallo. Amsata ita ce fim ɗin bincike a kan takarda ake gina shi, daga ƙarshe a dawo farko, kowace jimla da aikinta, kuma wannan yana son marubucin da aka ba lokaci aka biya shi. Wani a zaman zai musa, a bar shi ya kawo tasa.

Mataki na tara: waɗanda ba su zo ba, da zama na gaba

Kafin a watse, a kira abokan da hanya ko aiki ya hana zuwa, a sa wayar a sifika kowa ya yi musu barka da Sallah da bakinsa. In layi bai shiga ba, a naɗi murya a tura ta WhatsApp, kowa ya ambaci sunan mutumin. Ya fi hoton rago da jinjirin wata da aka tura wa mutum ɗari.

A zaɓi wanda zai riga kallo a zama na gaba, don kai ma ka samu shiga gasa. In an gaji da tambayar wa ya yi, a gwada Columbo na Peter Falk, wanda ya fara fitowa a 1968: a can tun a mintocin farko ake nuna mai kisan, abin da za a rubuta a takarda shi ne kuskuren da zai kama shi. Masu abokan aiki ko makwabta Kirista a Gusau kuma su gayyace su na Sallah, in Disamba ta zo su kai musu barka da Kirsimeti da fim ɗin agwagwa a filas.

A tashi da sauran rana, a yi wa mai gida godiya, a raka baƙi tasha, a kuma ce kowa ya kira in ya sauka. A ƙarshen Witness for the Prosecution na 1957 murya ce ke fitowa tana roƙon 'yan kallo kada su gaya wa kowa yadda ya ƙare, kuma wasan Christie na The Mousetrap, da aka fara a Landan a 1952, har yau da wannan roƙon ake sallamar jama'a. Ku ma ku ɗauki alkawarin nan kafin ku fita zaure: wanda bai zo ba, a ba shi fim ɗin, kada a ba shi sunan.